Yadda Ake Goge Fayil Ɗin Da Ya Ƙi Goguwa A Kwamfuta Mai Windows Da Linux

Wanda ya girka Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, ko ba jima ko ba daɗe zai haɗu da fayil ɗin da ya kafe. Ka danna gogewa a Windows, ta ce ba ta gan shi ba, alhali ga shi nan a gabanka ƙuru-ƙuru. Ka koma Ubuntu ko Mint ka gwada, nan ma a ce maka ba ka da ikon taɓa komai a wurin. Daga nan wasu sai su shiga sauko da manhajojin da ake tallar suna goge komai da ƙarfin tsiya, wasu kuma haushi ya ɗebe su su yi wa ɓangaren faifan fomat ɗungurungum, hotunan shekaru da takardun makaranta duk su bi ruwa saboda fayil ɗaya da bai kai ya kawo ba.

Galibi laifin ba na fayil ɗin ba ne. Tsari biyu ne suke zaune a faifai ɗaya, kowanne da dokarsa game da sunaye, da mallaka, da yadda ake rufe faifai idan an tashi daga aiki. Idan ɗaya ya bar wani abu a yanayin da ɗayan bai yarda da shi ba, sai gogewa ta gagara. Saboda haka aikin a nan shi ne gano wace doka ce ta tare hanya, sannan a warware ta daga ɓangaren da ya ƙulla ta. Matakan da ke ƙasa na jera su ne daga mafi sauƙi kuma mafi yawan faruwa zuwa mafi haɗari, kuma ina ba da shawara a bi su a haka.

Da farko, naka ne?

Idan ka buɗe ɓangaren Windows daga cikin Linux za ka ga abubuwan da Windows take ɓoye maka: hiberfil.sys, pagefile.sys, swapfile.sys, da foldoji irin su System Volume Information da $RECYCLE.BIN. Wasunsu manya ne, gigabait da yawa, mai neman fili sai ransa ya biya. Ka bar su. Kayan aikin Windows ne, ko ka goge za ta sake ƙirƙirar su, kuma goge hiberfil.sys a lokacin da bai dace ba yana iya salwantar da aikin da ba ka adana ba. Foldar Windows.old ma tana da hanyarta: ka buɗe Disk Cleanup a Windows, ka danna "Clean up system files", ka zaɓi tsohuwar Windows ɗin a jerin. A ɗaya gefen kuma, idan a Windows ka ga folda mai suna .Trash-1000, kwandon sharar Linux ne. Lambar 1000 ɗin ta mai amfani na farko ce a Ubuntu da danginta. Ka koma Linux ka zubar da shara, za ta zama fanko.

Idan kuwa fayil ɗin naka ne, to ka fara kwafe duk wani abu mai muhimmanci da ke wannan ɓangaren zuwa filash ko wani faifai na waje. Wasu matakan da za mu zo kansu suna taɓa tsarin faifan kansa, kuma kwafi a lokacin da komai ke buɗuwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Mataki na 1: Karanta abin da kwamfutar ta ce

Mutane da yawa suna rufe saƙon kuskure tun kafin su karanta shi, ga shi kuwa rabin maganin yana cikinsa. Taga mai hoto takan taƙaita magana, don haka a Linux ka buɗe Terminal a cikin foldar da fayil ɗin yake, ka gwada gogewa da hannu:

`rm "sunan fayil"`

Amsar da za ta fito ita ce za ta nuna maka inda za ka dosa. Idan ta ce "Read-only file system", ka je mataki na 2 da na 3. "No such file or directory" alhali kana ganin fayil ɗin, matsalar suna ce, mataki na 4. "Permission denied" ko "Operation not permitted" na mataki na 5 ne. "Input/output error" ko "Structure needs cleaning" sun fi kowanne nauyi, ka karanta mataki na 3 da na 7 tare kafin ka yi komai.

Sannan ka duba irin ɓangaren da kake tsaye a kai:

`findmnt -T .`

Kada ka manta da ɗigon ƙarshe. Za ka ga sunan ɓangaren, kamar /dev/sda3 ko /dev/nvme0n1p3, da irin tsarinsa. Idan ka ga ntfs3 ko fuseblk, galibi ɓangaren NTFS ne, wato na Windows. Idan ext4 ne, na Linux ne. A rukunin ƙarshe, ƙarƙashin OPTIONS, ka lura da haruffa biyun farko: rw na nufin ana iya rubutu da gogewa, ro na nufin karatu kawai. Ka rubuta sunan ɓangaren a takarda, za ka buƙace shi, kuma kuskuren lamba ɗaya a nan ba ƙaramin abu ba ne.

Mataki na 2: Windows ɗin da ba ta mutu da gaske ba

Wannan shi ne babban dalili, ya fi sauran duka yawa. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, Microsoft ta saka wani tsari mai suna Fast Startup, kuma a kunne yake zuwa a yawancin kwamfutoci har a Windows 10 da 11. Idan ka danna "Shut down", Windows ba ta rufewa gaba ɗaya. Takan fitar da kai daga asusunka, sannan ta kwashe yanayin da ƙwaƙwalwarta take ciki ta zuba a hiberfil.sys, don gobe ta tashi da sauri. A cikin abin da ta adana har da bayanin da ta riƙe game da faifai: wane fayil ne a ina, ina ne fanko.

Kamar mai shago ne da ya fita sallah ya bar littafin bashi a buɗe, lissafin kuma yana kansa. Idan wani ya shigo ya soke layi biyu ya ƙara uku, mai shagon zai dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya a kansa, littafin ya rikice. Linux ta san wannan haɗarin. Shi ya sa idan ta tarar da ɓangaren NTFS a wannan hali take buɗe shi don karatu kawai, ko ta ƙi buɗe shi sam. Kare maka kaya take yi, kuma daidai ta yi.

Gwajin yana da sauƙi. Ka shiga Windows, maimakon "Shut down" ka danna "Restart", idan GRUB, wato jerin zaɓin tsarin da za a tashi da shi, ya bayyana ka zaɓi Linux. Sake kunnawa ba ya bin hanyar Fast Startup, rufewa ce cikakkiya. Ka sake buga findmnt. Idan ro ya koma rw, ka kama ɓarawon, ka goge fayil ɗinka.

Don kada abin ya dawo, ka kashe tsarin gaba ɗaya:

1. A Windows ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta `powercfg.cpl`, ka danna Enter.
2. A hagu ka zaɓi "Choose what the power buttons do".
3. Ka danna "Change settings that are currently unavailable", in ba haka ba akwatin da muke so ba zai taɓu ba.
4. Ka cire alamar da ke kan "Turn on fast startup", ka adana.

Wanda ba ya amfani da Hibernate (kashe kwamfuta tare da adana aikin da ke buɗe don a ci gaba daga baya) ko kaɗan yana da gajeriyar hanya. Ya buɗe Command Prompt da ikon admin ya rubuta `powercfg /h off`. Wannan yana kashe duka biyun, ya kuma cire hiberfil.sys, ka samu fili a kyauta. A ganina duk mai tsari biyu ya kamata ya yi wannan tun ranar da ya girka Linux. 'Yan daƙiƙun da Fast Startup ke rage maka, musamman idan faifanka SSD ne, ba su kai a saka bayanai a haɗari saboda su ba. Bayan babban sabunta Windows yana da kyau a sake leƙa akwatin, a tabbata bai koma kunne ba.

Dokar ta shafi Linux ma. Idan ka sa ta yi hibanet alhali ɓangaren da kuke rabawa yana buɗe, kada ka shiga Windows ka taɓa shi.

Akwai wani zaɓi a ntfs-3g, direban da Linux ke buɗe NTFS da shi, mai suna remove_hiberfile da za ka ga ana yawan ba da shawararsa. Yana goge yanayin da Windows ta adana don Linux ta samu damar rubutu. Duk takardar da ke buɗe a Windows ba a adana ba, ta tafi ke nan. Ban ga dalilin amfani da shi ba matuƙar Windows tana iya tashi.

Mataki na 3: Faifan da aka bari da datti

Ko da Fast Startup a kashe yake, ɓangaren NTFS na iya ɗaukar alamar cewa ba a rufe shi da kyau ba. A wurarenmu wannan ba baƙon abu ba ne: kwamfutar tebur da ba ta da UPS, ko laftof ɗin gwanjo da batirinta ya mutu, ana tsakar kwafi a ɗauke wuta. Haka ma zare faifan waje ba tare da an sallame shi ba. Sabon direban ntfs3, wanda kamfanin Paragon ya rubuta aka shigar da shi cikin Linux 5.15 a 2021, ba ya yarda ya buɗe irin wannan ɓangaren don rubutu. Don ka gani da idonka:

`sudo dmesg | tail -n 30`

Idan ka ga layi mai cewa "volume is dirty", shi ke nan.

Gyaran NTFS aikin Windows ne. Ka shiga can, ka buɗe Command Prompt da ikon admin, ka rubuta:

`chkdsk D: /f`

Ka sa harafin ɓangarenka a madadin D. Idan C ne, za ta ce ba za ta iya ba yanzu tunda a kansa take gudana, ta tambaye ka ko ta yi idan an sake kunnawa. Ka danna Y, ka sake kunna kwamfutar, ka zaɓi Windows, ka bar ta ta gama. Ka tabbata akwai wuta ko caji isasshe kafin ka fara, domin yanke chkdsk a tsakiya ya fi rashin fara shi muni. Bayan ta gama, sau da yawa fayil ɗin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ko dai ya ɓace da kansa, ko ya gogu da dannawa ɗaya. Kana iya tarar da folda mai suna found.000 ɗauke da guntayen da aka tsinto. Ka duba su kafin ka zubar.

A Linux akwai ntfsfix, kuma sunansa yana yaudarar mutane. Ba takwaran chkdsk ba ne. 'Yan ƙananan gyare-gyare yake yi, ya share littafin ayyukan NTFS, sannan ya bar alama don Windows ta bincika idan ta tashi. Idan aka ƙara masa -d yana cire alamar dattin, ɓangaren ya buɗu, amma ɓarnar da ke ciki tana nan inda take. Yana da amfani ga wanda Windows ɗinsa ta ƙi tashi kuma yana son kwashe kayansa. Ko a nan ɗin ma akwai hanyar da ta fi: ka tashi kwamfutar da filash ɗin girka Windows, a shafin farko ka danna Shift da F10, Command Prompt zai buɗe, ka yi chkdsk daga can. Sai dai haruffan sukan sauya a wannan yanayi, abin da ka sani da D yana iya zama E, don haka ka buga `dir E:` ka ga kayan ciki tukuna.

Idan ɓangaren ext4 ne ya koma karatu kawai, Linux ce ta ga kuskure ta kulle shi. Maganinsa fsck, amma ba a yin sa a kan ɓangaren da ke ɗaure, wato wanda Linux ta buɗe tana amfani da shi. Ka tashi da filash ɗin Ubuntu ko Mint, ka zaɓi gwadawa ba girkawa ba, sannan `sudo fsck -f /dev/sda5`, da lambar ɓangarenka. Idan kuma wata rana Windows ta nuna maka wani ɓangare ta ce sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi, kada ka yarda. Mai yiwuwa Linux ɗinka ce a ciki, Windows ba ta iya karanta ext4 ne kawai.

Mataki na 4: Sunan da ɗaya ya yarda da shi, ɗaya ya ƙi

Wannan ita ce matsalar da ta fi ɗaure wa mutane kai, domin komai lafiya yake a faifan. Linux tana karɓar kusan kowace alama a sunan fayil, ban da /. Windows kuwa ta haramta guda tara: < > : " / \ | ? da *. Ba ta kuma son suna ya ƙare da ɗigo ko da fili. Tana da sunayen da ta keɓe tun zamanin DOS: CON, PRN, AUX, NUL, COM1 zuwa COM9, LPT1 zuwa LPT9. A Windows 10 da waɗanda suka gabace ta, ko aux.txt ba ya halatta. Shi NTFS ɗin kansa yana iya ɗaukar duk waɗannan sunaye, shi ya sa Linux take rubuta su ba gardama.

Ga misali. Ɗalibi yana Linux ya sauko da takarda, ya adana ta a ɓangaren D da suna `Lakca 3: Mene ne algorithm?.pdf`. Da dare ya koma Windows. Fayil ɗin yana nan a jeri, wani lokacin girmansa ya nuna sifili, ba ya buɗuwa, ba ya karɓar sabon suna, idan an ce a goge sai taga ta fito da "Could not find this item". Alamar : da ke tsakiya tana da wata ma'ana dabam a wurin Windows, don haka ta tafi neman abin da babu shi. Haka yake faruwa da fayilolin da sunansu ke ɗauke da lokaci irin 14:32:07. Wani kuma ya kwafi umarnin Windows mai ƙarewa da `> nul` ya buga a Linux, sai ya haifi fayil mai suna nul.

Hanya mafi tsabta ita ce komawa wurin wanda ya raɗa sunan. Ka shiga Linux, ka buɗe foldar, ka sauya sunan ko ka goge. Sau tari a nan maganar take ƙarewa. Idan sunan yana da alamomin da ba a gani, wannan umarnin zai tona su:

`ls -lb`

Ka rubuta rm da haruffan farko na sunan ka danna Tab, Terminal zai cike sauran da kansa daidai yadda suke. Fayil ɗin da sunansa ya fara da karan ɗori, kamar -rahoto, rm yana ɗaukar sa a matsayin zaɓi, sai ka rubuta `rm ./-rahoto`. Idan sunan ya lalace har ba ya rubutuwa, ka bi ta lambarsa. Kowane fayil yana da lamba a faifai, `ls -li` zai nuna ta a farkon layi. A ce 48213 ce:

`find . -maxdepth 1 -inum 48213 -print`

Ka duba cewa abu ɗaya ne ya fito kuma shi ne kake nufi. Sai ka maimaita, ka sa -delete a madadin -print. Kada ka tsallake dubawar, domin abin da aka goge a Terminal ba ya zuwa kwandon shara.

Idan dole sai daga Windows za ka yi, sunaye masu ɗigo ko fili a ƙarshe da sunayen da aka keɓe suna goguwa idan ka sa `\\?\` a gaban cikakkiyar hanyar. Wannan yana sa Windows ta ɗauki sunan yadda yake ba tare da ta gyara shi ba:

`del "\\?\D:\Ajiya\rahoto."`

Folda kuwa `rd /s /q "\\?\D:\Ajiya\tsohuwa "`. A Command Prompt za ka buga waɗannan, ba a PowerShell ba, domin can rd yana da wata ƙa'ida. Wata dabarar ita ce `dir /x`, wadda ke nuna gajeren suna irin na da, kamar RAHOTO~1, idan ɓangaren yana ajiye su. Amma mai alamar : a ciki, kada ka wahalar da kanka, Linux ce maganinsa.

Akwai kuma tagwaye: Hoto.jpg da hoto.jpg a folda ɗaya. A wurin Linux fayiloli biyu ne, Windows kuwa ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami, sai ta rikice. Ka sauya sunan ɗaya daga Linux kafin ka goge komai, don kada ka goge wanda kake so.

Mataki na 5: Izini da mallaka

A Linux, ikon goge fayil yana hannun foldar da yake ciki. Kana iya zama mai fayil amma idan foldar ta root ce, wato babban asusun Linux mai cikakken iko, ba za ka goge shi ba. `ls -ld .` zai nuna maka mai foldar. Idan ka tabbata da abin da kake gogewa, `sudo rm` ya isa, domin sudo yana gudanar da umarni da ikon root. Idan har da sudo aka ce "Operation not permitted" a kan ext4, ka duba `lsattr sunan-fayil`. Harafin i a jerin yana nufin an kulle shi, ko root ba ya taɓa shi sai an cire da `sudo chattr -i sunan-fayil`. Ka ɗan tsaya ka tambayi kanka wa ya kulle shi kuma don me, tunda wannan alamar ba ta hawa da kanta.

A kan NTFS, chmod da chown galibi ba sa yin komai. Mallakar ana yanke ta ne lokacin ɗaura ɓangaren, za mu zo kan wannan a ƙarshe.

A Windows, wannan matsalar takan biyo bayan sake girkawa: fayilolin suna ɗauke da lambar tsohon asusun da ya riga ya shuɗe. Da ikon admin:

`takeown /f "D:\Ajiya\tsohuwa" /r /d y`

`icacls "D:\Ajiya\tsohuwa" /grant administrators:F /t`

Na farko ya karɓo mallaka, na biyu ya ba da cikakken iko. A kan foldar da ke damunka kaɗai za ka yi wannan. Idan saƙon ya ambaci TrustedInstaller kuma abin yana cikin C:\Windows, ka janye hannunka.

Mataki na 6: Wani yana riƙe da shi, ko hanyar ta yi tsawo

Windows ba ta goge fayil ɗin da wata manhaja ta buɗe. Ka buɗe Resource Monitor da `resmon`, a shafin CPU ka rubuta sunan fayil ɗin a akwatin Associated Handles, za ka ga mai riƙon. Ka rufe shi. In ya ƙi, Safe Mode ko ka goge daga Linux. A Linux ɗin, idan ka goge fayil a NTFS sai ka ga wani mai suna .fuse_hidden da lambobi ya maye gurbinsa, ana amfani da shi ne har yanzu. `lsof` da sunansa zai nuna manhajar, da ka rufe ta zai tafi.

Saƙon "Source Path Too Long" kuma daga tsohuwar iyakar Windows ta haruffa 260 yake, kuma masu rubuta manhaja suna yawan ganinsa a foldoji masu 'ya'ya da jikoki irin node_modules. Linux ba ruwanta da wannan iyakar, `rm -r` daga can ya wadatar. Ana koyar da wata dabara da robocopy da zaɓin /MIR, inda ake kwafa folda fanko a kan mai matsalar. Tana aiki, amma idan ka rubuta D:\ kaɗai a gurbin da ba daidai ba, ɓangaren gaba ɗaya za ta share ba tambaya. Tunda kana da Linux a kwamfutar, ba ka buƙatarta.

Mataki na 7: Idan faifan ne ke ciwo

Idan `ls -la` ya nuna layi cike da alamun tambaya a gurbin girma da kwanan wata, kuma chkdsk ya gyara amma bayan kwana kaɗan wani fayil ɗin ya sake yin haka, ko Windows tana ambaton "cyclic redundancy check", to ka daina tunanin gogewa. Ka girka smartmontools ka buga `sudo smartctl -a /dev/sda`, sunan faifan gaba ɗaya ba na ɓangare ba, ko ka buɗe manhajar Disks ka duba bayanan SMART, wato rahoton lafiyar faifan. A faifai mai juyawa ka lura da Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector. Idan lambobinsu ba sifili ba ne kuma suna hawa, faifan yana kan hanyar mutuwa. Ka kwashe kayanka yau, mafi muhimmanci da farko. Kada ka saka masa `chkdsk /r` kafin kwashewa, domin binciken yana bin faifan kaf na tsawon sa'o'i, kuma faifan da ya galabaita yana iya cikawa a tsakiyar aikin.

Idan ya gogu ya dawo

Wani abu ne ke sake haifar da shi. Foldar OneDrive ko wata manhajar daidaita fayiloli takan dawo da abu, ko kuma, abin da ya fi muni, ta ɗauki gogewar da ka yi ta kai gajimare. Irin waɗannan foldoji daga Windows ake taɓa su. A filash ɗin da ya zaga shagunan buga takardu kuwa, ƙwayar cutar kwamfutar nan ce mai ɓoye foldoji ta bar gajerun hanyoyi masu kama da su. Daga Linux za ka ga foldojinka na ainihi da fayilolin .lnk da .vbs da ta zuba, ka goge su, amma sai ka wanke Windows ɗin da ta kamu, in ba haka ba da ka soka filash ɗin za su dawo. Katin SD kuma ka duba ɗan maɓallin kulle da ke gefensa.

Wanda ke da ɓangaren da tsarin biyu ke rabawa kullum, ya fi masa ya kafa shi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke gaya wa Linux ɓangarorin da za ta ɗaura idan ta tashi. Ka samo UUID, wato lambar shaidar ɓangaren, da `lsblk -f`, lambarka ta mai amfani (wadda za ka sa a uid) da `id -u`, ka ƙirƙiri wurin ɗaurawa da `sudo mkdir /mnt/ajiya`, ka kwafi fstab ɗin ka ajiye gefe, sannan ka ƙara layi irin wannan:

`UUID=lambar-ɓangaren /mnt/ajiya ntfs-3g uid=1000,gid=1000,umask=022,windows_names,nofail 0 0`

Zaɓin uid da gid su ne ke mai da kai mai ɓangaren, ka riƙa gogewa ba sai da sudo ba. Shi kuma windows_names yana hana Linux ƙirƙirar duk sunan da Windows ba za ta karɓa ba, matsalar mataki na 4 ta yanke daga tushe, ko da yake tsofaffin sunayen da ke nan sai ka bi su da hannu. Amfanin nofail shi ne kwamfutar ta tashi ko da ɓangaren ya ƙi buɗuwa. Kafin ka sake kunnawa, ka kwance ɓangaren idan yana ɗaure a wani wuri, ka buga `sudo mount -a`. Idan bai yi ƙorafi ba, ka shiga /mnt/ajiya ka gwada `touch "gwaji:1"`. Ya kamata ya ƙi. Sannan ka ƙirƙiri gwaji1, ka goge shi, ka ga ya tafi.